Baƙara a Lamba ta 27: Gyaran Jerin Sauti, Daga Emacs Zuwa Shagon Tura Waƙa a Karfi

Duk wanda ya taɓa kai memori shagon masu tura waƙa a Karfi ko Malumfashi, ya ce a zuba masa karatun Alƙur'ani sura-sura, yana iya gamuwa da wannan matsala. Ya saka memorin a ƙaramar rediyonsa, Fatiha ta ƙare, yana jiran Baƙara, sai ya ji Suratu Yunus. Yunus na ƙarewa sai Adiyat, sai Ƙari'a, haka har Kafirun, sannan a dawo Hudu. Ya koma shago da faɗa, mai shago ya buɗe kwamfuta ya nuna masa fayil 114 cif, babu wanda ya ɓace, kuma a fuskar kwamfutar ga su nan a jere daidai. Dukkansu biyu gaskiya suke faɗa. Fayilolin lafiyarsu ƙalau, jerin ne ya lalace.

Dalili ɗaya shi ne yadda na'ura ke gwada sunaye. Idan sunan fayil ya fara da 1, 2, 3 har 114, manhajar da ba a koya mata lissafi ba harafi-harafi take bi kamar ƙamus. A wurinta duk abin da ya fara da 1 yana gaban abin da ya fara da 2, don haka 10 da 100 da 114 duk sun riga 2. Mai karatu ya ƙirga da kansa: sura ta 1, sai goma daga 10 zuwa 19, sai goma sha biyar daga 100 zuwa 114, sun zama 26. Baƙara sai a lamba ta 27.

Masu rubuta manhaja da yawa suna ɗaukar jeri a matsayin kwalliya, abin da za a duba in an gama manyan ayyuka. Wataƙila don a ransu mai sauraro waƙa yake ji, kuma in waƙar Shata ta zo kafin ta Ɗanƙwairo ko bayanta, babu wanda zai yi kuka. To amma a duba abin da ke cikin memorin mutanen wannan yanki na Funtua da Malumfashi, wanda ake rataya rediyo a reshen bishiya ana noman masara, ko a ajiye gefe ana tsinkar auduga. Akwai tafsirin Ramadan na kwana talatin, irin na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ko na Sheikh Dahiru Usman Bauchi, inda zama na 12 ke ɗorawa daga ayar da na 11 ya tsaya. Akwai karatun Ahalari da Iziyya da Risala babi-babi. Akwai littattafan Hausa da ake karantawa da murya, kashi hamsin ko fiye, waɗanda in aka tsallake kashi ɗaya sai ka ji an ɗaura auren da ba ka san lokacin da aka fara nemansa ba. A irin waɗannan, jeri wani ɓangare ne na abin da mutum ya biya kuɗi ya saya. Kuma yawancin ƙananan rediyon nan lamba kawai suke nunawa, wasu ma ba su da fuska, don haka mai su ba shi da hanyar gyarawa sai ya yi ta danna gaba yana saurare.

Wanda ke son ya ga cikin wannan matsala da idonsa, akwai wurin da ya fi waya da rediyo sauƙin leƙawa, duk da cewa da farko zai yi kama da wasa: manhajar rubutu mai suna Emacs. Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a shekarar 1985, kuma asalin aikinta rubuta kod da gyara shi. Sai dai kusan komai na cikinta an rubuta shi da yaren Emacs Lisp, wanda mai amfani zai iya buɗewa ya karanta ya canza yana cikin aiki, ba tare da ya rufe manhajar ba. Da wannan dama mutane suka gina mata manhajar imel, da kalanda, har da abin jin sauti. Wanda ya fi shahara shi ne EMMS. Shi kansa EMMS ba ya fitar da sauti, yana miƙa fayil ne ga wata manhaja ta waje kamar mpv ko VLC, shi kuma ya riƙe jeri, ya san me ake ji yanzu da me zai biyo baya.

Abin sha'awar shi ne jerin EMMS shafin rubutu ne kamar kowane shafi a Emacs. Kowace waƙa layi ɗaya ce. A jikin haruffan layin akwai wani ɓoyayyen bayani da aka liƙa mai suna `emms-track`, wanda ke ɗauke da ainihin inda fayil yake. Sannan akwai wata alama, `emms-playlist-selected-marker`, da ke nuna layin da ake ji. Alama a Emacs kamar turke ce da aka kafa tsakanin haruffa biyu: in aka ƙara rubutu a samanta ko aka rage, tana matsawa tare da rubutun don ta ci gaba da nuna wurin da take nunawa.

Masu EMMS sun tanadi umarni na ɗaga waƙa sama da saukar da ita ƙasa, `emms-playlist-mode-shift-track-up` da takwararsa mai ƙarewa da `down`. Amma al'adar masu Emacs ce kowa ya rubuta nasa, misali wanda zai ɗauki waƙa ya kai ta can ƙarshen jeri da dannawa ɗaya. A nan ake faɗawa rami, kuma ramin ya cancanci a tsaya a kansa.

A ce jeri yana da karatu huɗu, A, B, C, D, ana jin A. Sabon umarnin ya goge layin A ya sake rubuta shi a ƙasan D. A ido komai ya yi: B, C, D, A. A kunne ma komai ya yi, domin mpv na can yana ci gaba da karanta A, bai san an taɓa komai ba. To ina alamar? Dokar Emacs ita ce in aka goge rubutun da alama ke ciki, alamar ba ta bin rubutun zuwa inda aka kai shi, tana zama a bakin ramin da aka bari. Bakin ramin yanzu shi ne farkon layin B. Ke nan manhajar ta ɗauka B ake ji. A na ƙarewa sai ta wuce zuwa na gaba da B, wato C. An tsallake B gaba ɗaya, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai fito. Mafi muni, alamar matsalar ba ta bayyana sai bayan A ya ƙare, wanda in tafsiri ne sai bayan awa ɗaya ko fiye, lokacin mutum ya manta ma ya taɓa jerin.

Akwai ƙanwarta. Ana jin B, sai aka ɗauko D aka saka shi daidai saman B. Rubutun ya shiga ne daidai wurin da turken yake. Turke zai tsaya a gaban sabon rubutun ko ya matsa bayansa? Emacs ya bar wa mai rubuta kod ya zaɓa, kuma alamar da ba a ce mata komai ba tsayawa take inda take, sabon rubutu ya shiga bayanta. In haka ta faru, alamar D take nunawa yanzu. B na ƙarewa sai a je na gaba da D, wanda shi ne B. Karatu ɗaya sau biyu a jere. Aikin `marker-insertion-type` ke nan, ya faɗa maka wace iri ce alamarka.

Ta uku ta fi ban dariya. Mai kod ya kwafi layin da `buffer-substring-no-properties`, wanda ke ɗauko haruffa zalla ya bar ɓoyayyen bayanin. Layin ya koma sabon wurinsa da sunansa da komai, amma fanko ne, babu fayil a bayansa. Wanda ya tsaya a kan layin ya danna `C-u C-x =` zai ga duk abin da ke liƙe da harafin da yake kai, nan take ya gane `emms-track` ba ya nan.

Hanyar kama irin waɗannan ba ta buƙatar hazaƙa ta musamman, haƙuri take buƙata da rage kaya. A buɗe Emacs da `emacs -Q` don a cire duk saitin da mutum ya tara, a loda EMMS kaɗai. A bar jerin waƙa ɗari biyar, a haɗa na fayil huɗu masu daƙiƙa biyar-biyar, har ma mutum ya ɗauki muryarsa yana cewa ɗaya, biyu, uku, huɗu, don kunne ya zama shaida. Kafin a motsa komai a danna `M-:` a tambayi inda alamar take, bayan an motsa a sake tambaya. Sannan a gwada kowane hali daban: motsa wanda ake ji, motsa wani zuwa samansa, motsa na farko, motsa na ƙarshe, motsawa ƙasa, motsawa sama. In ana son ganin kod yana tafiya layi-layi, Edebug na nan cikin Emacs. Wanda ya yi haka yakan ga matsalar cikin minti goma. Wanda ya tsaya yana canza layukan kod da ka, yana sake kunnawa ko Allah zai sa a dace, yana iya kwana uku a kai.

Dalilin raba motsawa ƙasa da motsawa sama shi ne akwai wani tsohon kuskure da ke faruwa a ɓangare ɗaya kawai, kuma wannan ya wuce Emacs, yana cikin JavaScript da Kotlin da Dart da duk inda ake riƙe jeri da lambobi. A, B, C, D suna lamba 0, 1, 2, 3. Ana son A ya shiga tsakanin C da D, wato a wurin da D yake, lamba 3. An cire A. Yanzu B, C, D sun zama 0, 1, 2, kowa ya matso. In aka saka A a lamba 3 kamar yadda aka lissafa da farko, bayan D zai faɗa. Da a ce D ake ɗagawa sama, cire shi ba ya taɓa lambar waɗanda ke samansa, komai zai tafi daidai. Shi ya sa mai kod zai gwada ɗagawa sama sau biyu, ya ga ta yi, ya fitar da manhaja.

Duk waɗannan kurakurai uwarsu ɗaya: an rikita wurin da abu yake da abin kansa. Lamba ta 3 wuri ce, yau wani ne a kai, gobe wani. Manomin da ya kai buhunan masara sito ya san haka, shi ya sa yake rubuta sunansa a jikin buhu maimakon ya ce nasa ne na uku daga ƙofa, domin ana shigo da wasu buhunan a dare ɗaya ƙirgar ta tashi. Masu MPD, wata manhajar sauti da ke aiki a bayan fage wadda EMMS ma ke iya magana da ita, sun warware wannan tun a tsarin umarninsu. Suna da `move` mai aiki da lambar wuri, suna da `moveid` mai aiki da lambar shaida da ake ba kowace shiga a jeri, wadda ba ta canzawa duk inda aka kai ta. Ko fayil ɗaya aka saka sau biyu, kowace shiga da lambarta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin gyaran da ke fara zuwa wa mutum a EMMS shi ne ya adana waƙar da ake ji kafin motsi, bayan motsi ya nemo ta ya mayar da alamar kanta da `emms-playlist-select`. Gyaran yana aiki, har ranar da mai hadda ya saka sura ɗaya sau uku a jeri don maimaici, neman ya kama ta farko alhali ta uku ake ji. Abin da ya fi shi ne kod ɗin ya riƙe ainihin wurin da ya sake rubuta layin, ya kafa alamar a nan, ba tare da nema ba. MPD har lambar zubi yake ba jerin gaba ɗaya, tana ƙaruwa duk lokacin da aka canza wani abu, don manhajar da ke nuna jerin ta san hoton da ke hannunta ya tsufa.

Wani zai ce, wa ke amfani da Emacs a Karfi? Kusan babu, kuma ba a cewa mai shagon caji ya koyi Lisp kafin ya tura wa mutum waƙa. Maganar ta matasan da ke koyon rubuta manhaja ce, waɗanda yawancinsu da bidiyon YouTube da ragowar data suke koyo. Bidiyon koyarwa yana nuna yadda ake gina abu daga farko, komai na tafiya daidai, a minti arba'in an gama. Ba ya nuna yadda ake zama da kod ɗin wani, a karanta, a gano dalilin da ya sa abu ke lalacewa sau ɗaya cikin biyar. Wannan kuwa shi ne mafi yawan aikin da ake biyan mai manhaja ya yi. Manhajar sautin da ke cikin waya a rufe take, in ta tsallake waƙa sai dai ka yi tsaki. A Emacs, `C-h f` da sunan umarni zai kai ka har kan kod ɗin da ke gudana. Kyauta ne, yana aiki a tsohuwar kwamfutar da ba ta iya ɗaukar Android Studio, ba ya neman intanet bayan an sauke shi, kuma tun fitowar Emacs 30 a 2025 akwai shi a Android, duk da cewa danna `C-u C-x =` a fuskar waya sai mai haƙuri.

Wani kuma zai ce ai maganin matsalar surorin sananne ne, a rubuta 001, 002, har 114, shi ke nan. Gaskiya ne, kuma duk mai shagon da ya san aikinsa haka yake yi. Yana magance gwajin sunaye. Sai dai akwai wani jerin a ƙarƙashin sunayen wanda sifiri ba ya taɓawa. Yawancin ƙananan memori tsarin FAT32 suke bi, inda kowace folda ke da rajista mai gurabe na bayit 32, ana rubuta fayil a gurbi yadda ya iso. Ƙananan rediyo da na'urorin mota da yawa ba sa duba suna sam, rajistar suke bi daga sama zuwa ƙasa. Windows kuwa tana jera sunaye da kanta kafin ta nuna, har ma tana gane 2 ya riga 10 tun zamanin XP, shi ya sa mai shago ke ganin komai daidai a gabansa. In fayilolin sun iso a hargitse, kamar yadda kan faru in an turo su ta Xender ko Bluetooth, a hargitse za su zauna a rajista. In aka goge fayil ɗaya, gurbinsa ba ya rufewa, ana yi masa alamar fanko ne kawai, sabon fayil na iya zuwa ya cike shi. Dogon suna kuma gurabe da yawa yake ci, haruffa 13 a kowane ƙarin gurbi, don haka mai gajeren suna zai shiga ramin, mai dogo ya wuce ƙarshe. Da haka waƙar biki kan faɗo tsakiyar tafsiri. Wannan ita ce matsalar alamar Emacs a wata riga: ido na kallon jeri ɗaya, na'ura na bin wani.

Har haruffan Hausa suna da nasu rabon. A lambobin Unicode, ɓ da ɗ da ƙ da manyansu duk suna can bayan z. Manhajar da ke gwada lambobin haruffa kai tsaye za ta jefa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya ƙarshen jeri, nesa da sauran masu D, yayin da wanda aka rubuta Dankwairo babu lanƙwasa ke zaune a tsakiya. Mawaƙi ɗaya, wuri biyu. A Emacs bambancin `string<` da `string-collate-lessp` ke nan, na biyun yana bin tsarin harshen da aka saita, kuma Linux na da tsarin ha_NG. Na lambobi kuwa akwai `string-version-lessp`, ɗan'uwan `sort -V`.

Saboda haka duk matashin da ke tunanin rubuta wa masu tura waƙa manhaja, ko manhajar sauraron karatu ta Hausa, ya kamata ya ɗauki jeri a matsayin bayani mai zaman kansa da ake adanawa, ba abin da ake hasashe daga sunan fayil ko ranar da aka kwafe shi ba. Kowace shiga ta samu lambar shaidarta. Abin da ake ji yanzu a riƙe shi da wannan lamba. Sannan kada ya ɗauka jeri ɗaya ne daidai. Ɗalibin makarantar allo daga ƙasa yake tasowa, bayan Fatiha sai Nasi, sai Falaƙi, yana hawa sama. Wanda ya sauke yana tilawa daga Baƙara yake gangarowa, wani kuma izu-izu yake so. Fayilolin iri ɗaya ne, jeri uku. Manhajar da ta san sunan fayil kawai za ta tilasta wa mai shago ya kwafi Alƙur'ani sau uku da sunaye daban, a memorin da dama bai wuce giga biyu ko huɗu ba. Tsarin M3U, wanda ba komai ba ne illa fayil ɗin rubutu mai sunayen fayiloli layi-layi, yana magance wannan a waya da kwamfuta, EMMS da VLC duk suna karanta shi.

Ƙaramar rediyo ce ba ta san M3U ba, ita sai an gyara mata rajistar kanta. A Linux akwai `fatsort`, wanda ke sake jera gurabe bisa suna, kuma da `-n` yana gane lambobi. Sai an cire memorin daga aiki kafin a gudanar da shi, kuma a fara kwafe abin da ke ciki a ajiye, domin rajistar yake taɓawa kai tsaye, in wuta ta ɗauke a tsakiya an shiga uku. Wanda ba shi da Linux yana iya buɗe sabuwar folda a memorin, ya riƙa matsar da fayilolin cikinta ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da yake so, tunda sabuwar folda rajistarta babu ramuka. Sannan ya saka memorin a irin rediyon da mai shi zai yi amfani da ita, ya danna gaba sau uku ya ji, kafin ya karɓi kuɗi.